Abin da tsohon hoto ke iya faɗa game da 'yan mazan jiya na Kebbi

A gidaje da dama a Birnin Kebbi da Argungu, akan tarar da wani tsohon hoto mai baƙi da fari, ko dai rataye a bangon ɗaki ko kuma can a ƙasan adaka tare da tsofaffin takardu: saurayi ne sanye da kakin soja, ya miƙe ƙyam, ya zuba wa mai ɗaukar hoto ido.

Idan aka tambayi mutanen gidan, amsar ba ta cika wuce kalmomi kaɗan ba. Baba ne, ko kuma kaka, lokacin da ya je Yaƙin Bama.

To amma wace runduna ya yi wa aiki? A wace shekara ya tafi, kuma yaushe ya dawo? Shin ma Bamar ya je, ko kuwa Habasha, ko Kwango, ko fagen Yaƙin Basasar Najeriya? Nan ne akan yi shiru, domin da yawa daga cikin mazajen sun koma gona da su da kasuwanci ba tare da sun ba 'ya'yansu cikakken labari ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. Yaron da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943, idan yana raye a yau, ya cika shekara ɗari. Waɗanda suka yi Yaƙin Basasa suna samari su ma yanzu sun doshi tamanin.

Sai dai hoton da suka bari ba kurma ba ne. Hula, da tambarin da ke kafaɗa, da lambobin da ke ƙirji, da hatimin da ke bayan takardar, kowanne na ɗauke da bayani ga wanda ya san yadda ake karanta shi.

Wane yaƙi ne?

Matakin farko shi ne a gane zamanin da aka ɗauki hoton, domin a bakin jama'a kusan duk tsohon sojan zamanin Turawa ɗan Yaƙin Bama ne.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, babu jihar Kebbi, wadda sai a watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro ta. Masarautun Gwandu da Argungu suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato ne. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya hau gadon sarauta a 1938, shi ne ke mulki a Birnin Kebbi, a Argungu kuma Sarkin Kabi Muhammadu Sani, kafin Sarki Sama'ila ya gaje shi a 1942.

Kamar a sauran lardunan Arewa, ta hannun En'e da hakimai da dagatai Turawan mulkin mallaka suka riƙa neman samarin da za su shiga rundunar sojan Birtaniya ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da RWAFF. Wasu sun tafi don ra'ayin kansu, ko don albashi da kaki, wasu kuwa ba a ba su zaɓi ba.

Tun kafin yaƙin, Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta.

Kayan fareti na wannan runduna ba sa ɓoyuwa ko da a hoto marar launi: jar dara a ka, 'yar gajeriyar riga ja a kan kaki, ɗamara a ƙugu, gajeren wando, da ƙyallen da ake naɗewa a ƙwauri. Idan kuma sojan na tsaye ba takalmi, to akwai alamar hoton ya girmi yaƙin ko kuma na farko-farkonsa ne, saboda a cikin shekarun yaƙin ne takalmi ya zama ruwan dare ga sojojin Afirka ta Yamma. Tambarin rundunar kuwa bishiyar kwakwa ce.

Malafar soja mai faɗin baki, wadda akan naɗe gefe guda nata sama, ita ce aka fi gani a hotunan shekarun 1940. Hular Majalisar Ɗinkin Duniya na nuni da aikin kiyaye zaman lafiya, kamar wanda sojojin Najeriya suka yi a Kwango daga 1960 zuwa 1964. Tambari mai mikiya a kan tauraro, da rubutun Larabci a ƙasa, na rundunar sojan Najeriya ne, don haka mai shi ya fi kusa da zamanin Yaƙin Basasa na Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, lokacin da yawan sojojin ƙasar ya tashi daga kimanin dubu 10 zuwa wajen dubu 250.

Gizo da gammo

Idan an tabbatar hoton na Yaƙin Duniya na Biyu ne, sai a dubi saman hannun riga.

Runduna biyu manya Birtaniya ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga can kuma zuwa Bama, ƙasar da tun 1989 ake kira Myanmar, domin yaƙar sojojin Japan. An ƙiyasta cewa kimanin sojoji dubu 90 ne suka tafi, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

Ta farko ita ce Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner. Tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle. An aro shi ne daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, wanda duk Bahaushen da ya taɓa sauraron tatsuniya zai gane cewa ɗan'uwan Gizo ne wajen wayo. Wannan runduna ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, a cikin tsaunuka da surƙuƙin dajin da mota ba ta shiga, inda aka riƙa jefo mata abinci da harsasai ta jirgin sama.

Ta biyu ita ce Runduna ta 82, wadda ta isa Indiya a 1944, ta kuma shiga fagen daga a yankin Arakan a ƙarshen shekarar. Tambarinta masu biyu ne da aka gitta a kan gammo.

Gammon nan ba ado ba ne. A cikin rundunonin biyu akwai dubban sojoji da aikinsu shi ne dakon kaya a ka, daga akwatunan harsasai har sassan igwa, su hau dutse su tsallake rafi da su. Suna da lambar soja da kaki kamar kowa, kuma harsashi bai bambanta su da masu bindiga ba. Saboda haka iyalin da suka ga mahaifinsu a hoto ba bindiga, ko suka ji ya ce shi kaya ya ɗauka, kada su ɗauka bai ga yaƙi ba.

Sanin tambarin na rage faɗin bincike ƙwarai. Bataliyoyin Najeriya shida ne a Runduna ta 82, wato ta 1 da ta 2 da ta 3 a birged guda, sai ta 5 da ta 9 da ta 10 a wata birged ɗin. A Runduna ta 81 kuwa, bataliya ta 4 ce ta yi yaƙin Kaladan tare da sojojin Gambiya da Saliyo da Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, ban da 'yan Najeriyar da ke sassan igwa da asibiti da dako.

Sauran bataliyoyi uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an cire su ne aka haɗa su da dakarun musamman na Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke ta jiragen sama a bayan dagar Japan a 1944. Tambarin waɗannan wata dabba ce mai kama da zaki, irin wadda ake girkawa a ƙofar wuraren ibadar mabiya addinin Buddha a Bama. Sunansu ne barikin Chindit da ke Zariya ke ɗauke da shi.

Haka nan sunayen barikoki irin su Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, duk daga wuraren da aka gwabza a Bama aka samo su. Idan tsoho ya taɓa ambatar wata kalma mai kama da waɗannan a cikin hira, to ba shirmen tsufa ba ne. Garin Myohaung, wanda a yau ake kira Mrauk-U a jihar Rakhine, a watan Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka ƙwace shi.

Lambobin da ke ƙirji

Minda, ko lambar yabo, ita ce abu na biyu da ke magana, ko da yake tana da nata tarkon.

Tauraron Bama ana ba da shi ne ga wanda ya yi aiki a fagen daga na Bama tsakanin Disambar 1941 da farkon Satumbar 1945. Ƙyallensa shuɗi ne mai duhu, da jan layi mai faɗi a tsakiya, da siraran layuka masu launin lemo a gefe. A watan Mayun 1945 aka ƙirƙiro shi, ke nan duk hoton da aka ga ƙyallen a ciki bai girmi wannan wata ba. Su kuwa lambobin ƙarfen sai bayan an gama yaƙi aka rarraba su, don haka wanda aka gani da su rataye a ƙirji ya riga ya dawo gida, watakila ma da shekaru.

Tauraron Afirka, mai ƙyalle launin yashi da jan layi a tsakiya, labarinsa daban ne. Zaman bariki a Kaduna ko Kano bai isa a ba mutum shi ba. Ana samunsa ne ta hanyar aiki a Arewacin Afirka ko kuma Gabashinta, inda birged ɗin Najeriya ta yaƙi sojojin Italiya, ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta kuma nausa zuwa Harar a ƙasar Habasha cikin saurin da har yau masana tarihin soja ke ambato.

Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 su ne suka yi wannan tafiya, kuma su ne daga baya aka sanya a Runduna ta 82. Wanda aka gani da taurarin biyu tare, to akwai kyakkyawan zaton tsohon hannu ne daga ɗayan waɗannan bataliyoyi, wanda ya yi yaƙi a nahiyoyi biyu. Akwai kuma wasu 'yan Najeriyar da aka tura Masar da Gabas ta Tsakiya domin aikin gadi da gine-gine.

Tarkon shi ne, Birtaniya ba ta zana sunan mai lambar a jikin taurarin wannan yaƙi ba. Lambar da aka tsinta a adaka na iya zama ta baba, tana kuma iya zama ta ƙaninsa ko ta abokinsa da ya rasu.

Igiyoyin da ke hannun riga sun fi sauƙin karantawa: ɗaya ta laskofur, biyu ta kofur, uku ta saje. Idan iyali na da hoto fiye da ɗaya, yawan igiyoyin na taimakawa a jera su bi da bi.

Ita kuma bindiga sai a yi hattara da ita. A ɗakin ɗaukar hoto, soja kan ari hular abokinsa ko wani abin da zai ƙara masa kwarjini, domin hoton gida za a aika da shi a gani.

Bayan hoton

Sau da yawa abin da ya fi daraja ba a fuskar hoton yake ba. A bayansa akan sami hatimin mai ɗaukar hoto da sunan gari. Hatimin Bombay, wato Mumbai ta yanzu, na tabbatar da cewa mai hoton ya taka ƙasar Indiya. Na Durban ko Cape Town na nuna jirgin ruwansu ya zagaya ta kudancin Afirka. Na Alƙahira na nuni da Masar. Wani lokaci kuma 'yan layuka ne da ajami, gaisuwa ga iyaye ko addu'a, wanda malamin unguwa zai iya karantawa.

Amma babban mabuɗi shi ne lambar soja. Ta 'yan Najeriya kan fara ne da haruffan NA, kamar yadda ta mutanen Gold Coast kan fara da GC. Ana iya samunta a bayan hoto, ko a takardar sallama, ko a tsohuwar takardar karɓar kuɗi.

Dalilin muhimmancinta shi ne suna kaɗai ba ya isa. Magatakardan soja sun saba rubuta sunan mutum haɗe da sunan garinsu a madadin na mahaifi, ta yadda za a iya samun Garba Argungu ko Audu Sakkwato fiye da ɗaya a bataliya guda. Rubutun ma yadda kunnen Bature ya ji ne. Ƙari a kan haka, a yankin da ke kan iyaka kamar Kebbi, akwai Zabarmawa da Arawa da Dandawa da suka tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka suka shiga sojan Ingila, aka kuma rubuta su da sunan garin da aka ɗauke su. Wasu samarin kuma da gangan suka sauya suna don kada iyaye su gano inda suka shiga.

Ina takardun suke?

A nan ne mai bincike ke cin karo da gaskiya mai ɗaci. Turawan da suka rubuta tarihin yaƙin sun adana sunayen hafsoshinsu dalla-dalla, amma ba kasafai suke ambatar sojan Afirka da suna ba.

Ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew a birnin Landan na riƙe da littattafan da kowace bataliya ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum. Waɗannan na nuna inda bataliyar take a rana kaza, da wanda ta yi arangama da shi. Wanda ya gano bataliyar mahaifinsa zai iya bin sawunta mako-mako ko da bai ga sunansa ba. A can ne kuma ake ajiye takardun shawarar ba da lambar jarumta, waɗanda su kam suna ɗauke da suna da lamba da bayanin abin da sojan ya yi.

Ga waɗanda ba su dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth na da jerin sunaye a intanet da kowa zai iya dubawa kyauta. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan dubu 27 na sojojin da ba a san inda aka binne su ba, ciki har da 'yan Najeriya masu yawa. Akwai kuma kaburburan sojojin Afirka ta Yamma a Chittagong da ke Bangladesh.

Ita kanta hukumar ta amsa a wani rahoto na 2021 cewa ba a yi wa dubban 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya adalci ba wajen tunawa da su, lamarin da ya sa gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a gaban majalisar dokoki. Kafin nan, a 2019, wani binciken 'yan jarida ya fito da takardun da suka nuna cewa a Gabashin Afirka, kuɗin sallamar farabiti Bature bayan Yaƙin Duniya na Biyu sule goma ne a kan kowane watan aiki, na takwaransa baƙar fata kuwa sule uku da sisi.

A cikin gida, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ita ce ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa, kuma mai neman abin da ya shafi Gwandu ko Argungu sai ya nema a ƙarƙashin Lardin Sakkwato, ba Kebbi ba. Tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, su ma taska ce, domin ta cikinta masu karatun boko na Hausa suka riƙa bin labarin yaƙin. Sai kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda ke da rassa a jihohi.

Gidan adana hotunan yaƙi na Imperial War Museum a Landan ya sanya hotunan sojojin Afirka ta Yamma da dama a intanet. Akasarinsu ba su da sunan waɗanda ke ciki, amma suna da amfani wajen kwatanta kaki da tambari da na hoton gida.

Waɗanda suka bi sawu

Irin wannan bincike ya taɓa haifar da sakamako. Marubuci Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a 1967 ya kuma rasu a 2022, ɗan tsohon sojan Bama ne. Daga guntayen labaran da ya tashi yana ji a gida, da binciken da ya yi daga baya a Landan, ya rubuta littafinsa Burma Boy da ya fito a 2007, a kan 'yan Najeriyar da ke cikin dakarun Chindit.

Shi kuma ɗan jaridar Birtaniya Barnaby Phillips ya ci karo ne da tarihin da Isaac Fadoyebo, wani ma'aikacin asibitin soja a Runduna ta 81, ya rubuta da kansa. An harbi Fadoyebo a kwarin Kaladan a 1944, wasu Musulmi mazauna wani ƙauye suka ɓoye shi suna ciyar da shi har tsawon wata tara. A 2011 Phillips ya je yankin ya gano zuriyar mutumin da ya cece shi. Fadoyebo ya rasu a shekarar da ta biyo baya.

Bambancin shi ne Fadoyebo ya yi karatun boko, ya kuma bar rubutu. Yawancin samarin da suka tashi daga kwarin Rima ba su bar ko shafi ɗaya ba. A gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, masu da takubba da kayan yaƙin Kabawa na dauri ne suka fi ɗaukar hankalin mai ziyara. Tarihin jikokinsu da suka tsallake teku kuwa yana warwatse ne a cikin adakoki.

Kuma adaka ba ta da tabbas. Gara na cin takarda, laimar damina na manne hoto da gilashi, sannan ga ambaliya irin wadda ta auka wa jihar Kebbi a 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma rushe gidaje masu yawa.

Masu aikin adana kayan tarihi kan ba da shawarar a ɗauki hoton da wayar hannu gaba da baya, a wuri mai haske, a kuma rarraba wa 'yan'uwa. Suna gargaɗi a kan liƙe shi da roba a injin zafi, domin ba a iya cire ta daga baya ba tare da an lalata shi ba. Kada kuma a yi rubutu da biro a bayansa. A sami wata takarda daban a rubuta sunan mai hoton, da laƙabinsa, da unguwarsu, da duk wata kalma da ake tuna ya taɓa faɗa, ko da ba a san ma'anarta ba.

Sannan a kai hoton wurin mafi tsufa a dangi, musamman gwaggo ko inna da ta ga ranar da ya dawo, a buɗe na'urar ɗaukar murya, a tambaye ta su wane ne sauran mutanen da ke tsaye kusa da shi.